Hoton Iya da Na Aika Fatakwal

Litinin, 6 ga Agusta, 2007, bayan La'asar

Kyamarar ta iso. Direban motar Kano ne ya kawo ta tasha, cikin kwali, an naɗe da tsohuwar jarida. Tun watan jiya nake jiranta, ga shi ta zo a makon da ba ni da zuciyar yin murna da ita.

Ba ta cin fim. Wannan ne har yanzu kaina bai gama ɗauka ba. Shekara da shekaru ina ɗaukar hoton suna da na biki ranakun da ba na zuwa ofis, in kai fim wanki, in yi ta addu'a kada kan amarya ya yanke. Wannan kuwa kana latsawa sai hoton ya fito a ɗan gilashin da ke bayanta. In bai yi maka ba ka goge.

Na karanta takardar bayaninta, na ja layi ƙarƙashin duk abin da ban gane ba. Layukan sun yi yawa.

Hoton farko: bishiyar maina ta ƙofar gida. Na biyu ma ita. Na uku akuyar maƙwabta, ta motsa.

An sallamo Iya daga asibiti da safe, ɓarin jikinta na hagu a shanye. Likita ya ce kada a mayar da ita Katagum yanzu, don haka tana nan gidana a Azare, a ɗakin da ke kusa da na matata Jumai. Jiki da sauƙi.

Talata, 7 ga Agusta, bayan Magariba

Yaya Babagana ya zo daga Katagum. Tun rasuwar Baba shi ne babba, in ya yanke magana ta yanku. Ya tara mu a zaure, ni da Jumai tana daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Kowa ya buɗe kunne. Munira ba za ta ji wannan magana ba sai ta sauka lafiya. Cikin nan wata bakwai ne, an ce ko tsintsiya kada ta ɗaga. Kun san yadda aka yi da na baya, har sau uku. Duk wanda ya buɗe baki, shi da Allah, sannan shi da ni."

Sai ya juyo ya dube ni. "Gali, da kai nake. Kai take kira."

Na ce to.

Gaskiya ne, ni take kira. Munira ita ce autarmu, tana Fatakwal inda mijinta Babayo yake aiki, kuma tunda ta tafi ba a yin kwana biyu ba ta nemi muryar Iya ba. Da can wayar Yaya take kira a miƙa wa Iya. Yaya ya ce mata Iya ta zo Azare ganin jikoki. Ya sauke kayan a kaina ke nan.

Na gano inda ake kashe filasha. Akwai ɗan hoton walƙiya da aka ja wa layi.

Alhamis, 9 ga Agusta, da hantsi

Jiya na ce wa Munira Iya tana barci. Shekaranjiya tana salla.

Asabar, 11 ga Agusta, bayan Azahar

Na je Katagum ɗauko kayan Iya: carbinta, kwalbar humra, kaskon turare, da baƙin mayafin nan da ta zo da shi daga aikin Hajji. Ɗakin yana nan yadda ta bar shi ranar Juma'ar da abin ya faru. Buta a kife. Takalmi ɗaya a bakin ƙofa, ɗayan na neme shi na rasa.

Matan unguwa suka yi ta shigowa. "Yaya jikin Hajiya Ya Gana?" Da sauƙi. Da sauƙi. Da sauƙi.

Kafin in shiga mota na gangara bakin kogi. Ruwa ya cika ƙwarai bana. Na ɗauki hotuna da yawa, in duba, in goge, in sake. Babu wanda ya yi kama da kogin. Ko dai laifin kyamarar ne, ko kuwa ban iya ba. Watakila ban taɓa iyawa ba, mai wankin fim ne yake rufa min asiri duk shekarun nan.

Lahadi, 12 ga Agusta, bayan Magariba

Bakina ne ya ja min.

Tun kafin wannan abu na yi wa Munira kurin cewa zan sayi kyamarar da ake tura hotonta ta kwamfuta, a ɗauka a Azare da safe a gani a Fatakwal kafin Azahar. Yau ta tuna min.

"Yaya Gali, wai Iya fushi take yi da ni ne?"

Na ce, "Fushin me? Mura ce ta kama mata murya, ba ta son ki ji ki ɗaga hankalinki."

"Mura tun satin jiya?"

"Damina ce, auta."

Sai ta ce, "To kyamarar taka fa, ko ita ma mura take yi? Ka ɗauko min Iya. Ka tura wa Babayo a ofis ya wanko min. Ina so in ajiye a gefen gado, tunda an hana ni tashi."

Na ce sai na koyi yadda ake turawa. Ta ce, "Kai da ka fi kowa karanta takarda."

Na kira Yaya na gaya masa. Ya ce, "To ka ɗauka mana, ka san yadda za ka yi. Ba aikinka ba ne?"

Talata, 14 ga Agusta, bayan La'asar

Jumai ta yi wa Iya wanka, ta sa mata kwalli, ta yafa mata baƙin mayafin. Muka jingina ta da matasai a inda haske ke shigowa ta taga. Hannun hagu Jumai ta ɗora shi a cinya ta rufe da gefen mayafi, domin ba ya zama inda aka sa shi.

Na ce, "Iya, ki yi murmushi. Na Munira ne."

Ta gane sunan. Ta yi ƙoƙari. Gefen dama ya tashi, yadda na san shi tun ina yaro.

Na ɗauka har sau da dama. Ina dubawa a gilashin, ina gaya wa kaina haske ne bai yi ba. Na canja wuri, na buɗe ƙofa, na rufe. Jumai ta goge wa Iya gefen baki da tsumma, ta ce da ni a hankali, "Malam, ba hasken ba ne. Ka bar ta ta huta."

Iya ta yi wata magana. Ban gane ba. Na ce, "To, Iya."

Laraba, 15 ga Agusta, bayan Azahar

Na kai katin kyamarar shagon kwamfutar Bubayero da ke kusa da tasha. Shi kaɗai na sani da yake da furogiram ɗin gyaran hoto. Bafulatani ne, ni Babarbare, don haka ba a gaisawa sai an taɓa.

"La ilaha! Babarbare da kyamarar zamani! Wa ya karanta maka takardar?"

Na ce, "Wanda jiya-jiya ya ajiye sandar kiwo, yau shi ne malamin kwamfuta."

"Durƙusa ka gaida ubangidanka tukuna, sannan in nuna maka inda ake sa katin."

Ya sa katin, hoton ya buɗe, ya cika fuskar kwamfutar. A ɗan gilashin kyamara ban ga abin haka ba. Bubayero ya daina dariya. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne." Ya tashi ya juya kwamfutar da ke lungu ta fuskanci bango, ya ce in zauna can, ba mai leƙo ni.

Na gaya masa abin da nake so. Sai ya nuna min. Ana yanko rabin fuska, a juya shi, a manna a ɗaya gefen, sai a bi gaɓar da linzamin kwamfuta a shafe ta a hankali har ta ɓace. Ya ce, "Amma ka fara yin kwafi. Na asali ba a taɓa shi, ko me za a yi." Na sa wa ɗaya suna "Iya asali", ɗayan "Iya gyara".

Da zan fita ya ce, "Kai dai ka san danginka." Ban tambaye shi abin da yake nufi ba.

Alhamis, 16 ga Agusta, bayan La'asar

An ɗauke wuta ina tsakiyar hanci. Duk aikin ya tafi. Ba a gaya min ana ajiyewa a kai a kai ba, ko an gaya min ban ji ba.

Asabar, 18 ga Agusta, bayan Magariba

Wuni na yi a shagon. Tsarin da na bi: goshi, ido, kunci, baki, haɓa, sannan mayafi.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne zanen fuskarta. Zanen Barebari ne, dogaye, daga gefen ido zuwa haɓa, kuma da na juya rabin sai na tsakiyar goshi ya rabu biyu. Na ƙara girman hoton har zanen ya zama kamar kunyoyin gona, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa kallon fuskar Iya haka ba. Shekara arba'in ina ganinta, ban san akwai ɗan tabo a ƙarƙashin idonta na dama ba. Shi ma ya fito sau biyu, na goge na hagun. Na ji daɗin da na lura da wannan.

Inuwar hanci ma na gyara ta, don haske daga gefe ɗaya yake zuwa. Lanƙwasar mayafi na bar ta asali don kada ta zama iri ɗaya.

Da na gama na rage girman, sai ga Iya tana murmushi da dukkan bakinta. Na daɗe ina kallo. Na fita waje na tsaya wajen janareto inda ba mai jin komai.

Hoto ne mai kyau. Shi ne mafi kyau da na taɓa yi.

Litinin, 20 ga Agusta, da hantsi

Na tura wa Babayo ta imel. Bubayero ya ce ya tafi. Na tambaye shi ko ana iya dawo da shi. Ya ce, "Sai ka bi shi da gudu, ku ai kun iya tafiyar ƙasa."

Litinin, bayan Magariba

Ba ta kira ba. Na duba wayar, akwai sabis.

Talata, 21 ga Agusta, bayan Asuba

Iya ta sha koko rabin kofi jiya. Jumai ta ce ta matse mata yatsa da hannun hagu. Na gwada, ban ji komai ba. Jiki da sauƙi.

Na ɗauki hoton bishiyar maina. Iri ɗaya ne da na ranar farko.

Talata, bayan Magariba

Ta kira. Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Yaya Gali, yaushe Iya ta koma Makka?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Haƙorin Makka biyu nake gani a bakinta. Ɗaya dama, ɗaya hagu. Ni na fara rungumarta ran da ta dawo daga Hajji, ni na fara ganin haƙorin nan. Ɗaya ne. A dama yake."

Goshi, ido, kunci, baki, haɓa. Na duba leɓe, na duba gaɓar leɓe, na duba inuwar da ke ƙarƙashinsa. Haƙoran ina kallonsu wuni guda, suna ƙyalli a gabana, ban ƙirga su ba.

Ta ce, "Ina ɗaya gefen fuskarta? Me kuka yi da shi?"

Na ce, "Auta, ba na jin ki sosai."

"Kana ji na. Wallahi in Juma'a ta yi ban ga Iya yadda take ba, zan shiga motar dare in taho. Babayo ba zai iya tsare ni ba, aiki yake tafiya."

Na kashe wayar. Ni na kashe, ba sabis ba ne.

Laraba, 22 ga Agusta, bayan Azahar

Na gaya wa Jumai, domin ba ta san na yi gyaran ba. Na nuna mata wanda na wanko. Kallo ɗaya ta yi masa ta dafe ƙirji.

"Malam! Ka kai ta Hajji na biyu ba ka gaya mana mun yi rakiya ba?"

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta shige kicin.

Yaya a waya: "Ka ce mata kwamfuta ce ta yi kuskure, ai suna yi. Ka sake ɗaukar wani ta gefe, gefen mai lafiya, kamar na jikin kuɗi. Shi ke nan. Me ya sa komai sai ka mai da shi aiki?"

Na ce, "Yaya, ta ce za ta hau mota."

"Ba za ta hau ba. Tsoratar da kai take yi, ta san ka."

Ta san ni. Ni ma na san ta. Tana 'yar shekara goma ta taɓa tafiya da ƙafa daga makaranta har gona don an ce mata Iya ta yanke da lauje. Daga Fatakwal zuwa nan kwana ake yi a hanya, ga ramuka, ga damina.

In na faɗa mata, hankalinta ya tashi, cikin. In ban faɗa ba, mota, cikin. Na zauna na rubuta su gefe da gefe a takarda kamar lissafi. Ba su ba ni amsa ba.

Alhamis, 23 ga Agusta, bayan La'asar

Na gwada na gefen, yadda Yaya ya ce. Na tsaya ta damar Iya, na ce ta kalli ƙofa. Ina ɗaga kyamara sai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya ta dube ni. Na gyara mata kai, na koma. Ta sake juyowa. Juyawar nan wahala take ba ta, ina ganin jijiyar wuyanta, amma sai da ta yi. Haka muka yi ta yi har na sauke hannu.

Ban san abin da ya sa ba, na ɗauko hotunan biyu da na wanko, na gyara da na asali, na ɗora mata a cinya. Na ce, "Iya, Munira tana son ganinki. Wannan na aika mata. Ta gane."

Ta ɗauki na gyaran da hannun dama, ta kawo shi kusa da ido. Ta daɗe. Ta kai harshe ta taɓa haƙorinta. Sannan ta kife hoton a kan tabarma.

Ta ɗora yatsa a kan ɗayan, ta ƙwanƙwasa shi. Ta buɗe baki, maganar ta ƙi fita, ta sake. Abin da na ji shi ne, "Mu... ni."

Na ce, "Yaya Babagana ya ce kada a gaya mata."

Ta dube ni irin kallon da take min in na dawo daga kasuwa da abin da ba shi aka aike ni ba. Ta ƙara ƙwanƙwasa hoton.

Tun ranar da abin ya faru muke magana a kanta, a zaure, a waya, a bakin ƙofarta. Ba wanda ya tambaye ta.

Juma'a, 24 ga Agusta, kafin masallaci

Na kira Babayo tukuna, na gaya masa komai, na roƙe shi ya bar ofis ya kai mata hoton da hannunsa, ya zauna kusa da ita. Ya ce, "Yaya, da kun gaya min tun farko ai da mun san yadda za mu lallaɓa."

Na tura "Iya asali". Bubayero bai tsokane ni ba yau. Na so ya tsokane ni.

Juma'a, bayan Magariba

Ta kira. Muryarta ta dushe. Ta ce, "Sa mata a kunne."

Na riƙe wayar a kunnen Iya na dama har hannuna ya gaji na canja. Ban ji abin da Munira take faɗa ba, sai dai ƙaramar murya kamar ta sauro, ba ta tsayawa. Iya tana amsawa da "mm". Wani wuri ta yi sautin da na tabbata dariya ce. Hawaye yana bin zanen fuskarta yana sauka, ta gefen hagu ma.

Da na karɓa Munira ta ce, "Ba zan hau mota ba. Iya ta hana ni."

Na ce, "Ta ce miki haka?"

"Ni na ji abin da ta ce. Kullum bayan Magariba za ka sa mata. Kuma Yaya Gali, ban yafe maka ba tukuna."

Asabar, 25 ga Agusta, da hantsi

Na gaya wa Yaya. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Na ji. In wani abu ya sami cikin nan, ka san wanda ya yi." Ya kashe.

Laraba, 29 ga Agusta, bayan Magariba

An sa wa Iya wayar. Yau ta ce "auta", ya fita sarai. Jumai ma ta ji.

Yaya bai kira ba. Ya aiko da buhun gero ta hannun direba, ba saƙo.

Litinin, 3 ga Satumba, bayan La'asar

An kira ni ɗaukar hoton suna a unguwar gaba, na ce kyamarar ba ta da batir. Tana da shi.

Babayo ya ce ƙafafun Munira sun kumbura, ba ta barci sosai. Na tambaye shi ko tun kafin hoton ne ko bayansa. Ya ce bai lura ba. Na sake tambaya ta wata hanya. Ya ce, "Yaya, ka bar wannan."

Asabar, 8 ga Satumba, bayan Magariba

Ba ta kira ba. Iya tana ta kallon aljihuna.

Lahadi, 9 ga Satumba, bayan Asuba

Babayo: an kai ta asibiti tun jiya. Lokaci bai yi ba. Wata takwas.

Na san abin da tsofaffin mata suke faɗa a kan ɗan wata takwas. Ba zan rubuta ba.

Lahadi, bayan Azahar

Na faɗa wa Iya. Ban ce mata Munira tana barci ba. Ta miƙo hannu, na ba ta carbinta.

Litinin, 10 ga Satumba, da hantsi

Wayar Babayo a kashe. Na je tasha, na dawo. Na je shagon Bubayero ban shiga ba. Na share ƙofar gida, abin da ban taɓa yi ba, har maƙwabta suna kallo.

Litinin, bayan La'asar

Mace. An yi aiki. Uwar ta farfaɗo. Jaririyar tana cikin kwalba, an ce a jira.

Na kira Yaya, ya ɗauka. Na faɗa masa. Ya ce, "Allah ya raya." Na jira sauran maganar, ba ta zo ba.

Alhamis, 13 ga Satumba, bayan shan ruwa

An ɗauki azumi. A jira, in ji su.

Asabar, 15 ga Satumba, bayan La'asar

Da safe Babayo ya kira ya ce in je in buɗe imel. Wani abokin aikinsa ne ya ara masa kyamara.

Bubayero ya buɗe min. Hoton yana sauka a hankali daga sama, layi-layi, sabis ba ƙarfi. Hular ulu da ta yi mata yawa. Goshi mai tattara. Ido a rufe. Wani siririn roba a hanci, an manne shi da filasta a kunci. Hannun Munira ta cikin ramin kwalbar, yatsa ɗaya, jaririyar ta kama shi.

A ƙasa an rubuta: "Munira ta ce a gaya maka ba a gyara komai ba. Ta fara karɓar nono ta robar. An yi mata huɗuba da sunan Iya."

Duk da haka sai da na ƙara girmansa na bi gefen robar, na bi kuncin, ina neman gaɓa. Babu.

Bubayero ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "An ƙara mana baiwa ɗaya. Ka gaya mata ubangidanta yana gaishe ta." Na ce ya wanko min biyu.

Da na dawo na tarar da takalmin Yaya a ƙofar ɗakin Iya. Ya zo yi mata barka da shan ruwa. Na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba. Na durƙusa na ba Iya hoton a hannun dama.

Ta kawo shi kusa da ido. Ta bi robar da ɗan yatsa, daga hanci zuwa kunci. Na ce, "Takwararki ce, Iya." Yaya ya matso yana leƙe, ya ce, "Wannan abin na hancin fa, ba za ka iya cire shi ba?" Sai ya ji abin da ya faɗa, ya yi gyaran murya. Can ya ce, "Bar shi. Ɗayan na waye?" Na miƙa masa. Ya sa a aljihun gaba.

Ban sani ba ko ni na jawo jaririyar ta fito da wuri. Na tambayi Jumai, ta ce in tambayi Allah. Ba kuma wanda ya ce an fita daga haɗari, can ko nan.

Iya ba ta saki hoton ba. Tana kallonsa, sai gefen dama ya tashi. Kyamarar tana rataye a wuyana, na ɗaga na latsa sau ɗaya. Hasken bai yi kyau ba, kafaɗar Yaya ta shigo, mayafin ya zame.

Gobe zan tura shi Fatakwal daga katin kai tsaye. Na duba a gilashin baya. Haƙori ɗaya ne. Na ƙirga.